Baka Biyu da Alƙiblar Masallacin Layinmu

Ina amarya a Tudun Wada ta Zariya aka fara maganar gina masallacin layinmu. Daga Hanwa aka kawo ni gidan surukai, tsohon gida mai zaure da falo ɗaya babba wanda na Baba ne, mahaifin maigidana. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren 'yan mata. Ko gama sabawa da juna ba mu yi ba aka tura maigidan nawa kwas Legas, ya tafi ya bar ni da iyayensa, ya kuma bar wata kwamfuta da ya saya a hannun wani malamin jami'a da zai koma ƙasarsu.

Yaran yanzu ba za su yarda kwamfuta ce ba. Allon maɓallai ne kawai mai kauri, ana jona shi da talabijin ɗin falo, baƙi da fari. Ba ta riƙe komai a kanta. Da an ɗauke wuta duk abin da ka rubuta ya tafi, sai in ka riga ka naɗe shi a kaset, irin na rediyo. Harshen da take ji sunansa BASIC. Kana rubuta mata umarni layi-layi, kowane layi da lambarsa, in ka gama ka ce mata RUN ta bi su. Maigidana ya koya mini kaɗan kafin ya tafi, amma wanda ya kamu da sonta da gaske Baba ne.

Baba tsohon ma'aikacin safiyo ne, ya yi ritaya. Ya auna gonaki da hanyoyi a ƙauyukan da ni ko sunansu ban taɓa ji ba. Dogo ne, mai ƙarancin magana, kuma ba a taɓa jin ya ce “ina jin” ko “wataƙila” ba. In ya faɗi abu ya zauna. Ni tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, ina durƙushe, kaina a ƙasa. Yana ce mini Malama. In yana da saƙo gare ni Inna yake gaya wa, uwar maigidana, ita ta gaya mini, ko da kuwa ina tsakar gida ina jin sa.

Filin masallacin yana daidai tsallaken ƙofar gidanmu. Wani Alhaji ɗan kasuwa ne ya ba da shi, kuma shekara da shekaru mutanen layin suna shimfiɗa tabarmi a nan ƙarƙashin darbejiya suna salla, suna kallon gabas kamar yadda titin ya miƙe. Alhaji ya so a ɗora ginin a kan wannan sahun. Baba ya ce a'a, sahun ya karkace, alƙibla tana arewa da inda suke kallo sosai. Aka yi ta ja-in-ja a zaurenmu, muna jin muryoyi daga ciki. Alhaji ya ce ubansa a haka ya yi salla har ya koma ga Allah. Baba ya ɗauko tsohon littafinsa na safiyo, ya zauna gaban kwamfuta yana danna maɓallai da yatsa ɗaya, kwana da kwanaki, har ya haɗa mata lissafin. Ranar da ya gama ya kira 'yan kwamitin gini da Liman cikin falo, ya danna, amsa ta fito a talabijin: digiri sittin da uku daga arewa zuwa gabas.

Kwamiti ya bi Baba. Alhaji ya fita bai yi sallama ba. Baba ya ɗauki kamfas da ma'auninsa ya je ya kafa turaku ya ja zare, leburori suka haƙa ramin harsashi a kan zaren. Aka sa ranar Asabar bayan azahar za a yi addu'a a zuba kankare.

Ranar Asabar ɗin da hantsi ina wanke-wanke Inna ta leƙo ta ce, “Malam ya bar abin nan a kunne ya fita wajen gini. Ya ce ki kashe, ke kika san kansa.”

Na goge hannuna na shiga falon. Ashe ya sake nuna wa wasu baƙi ne da safe, don lambar tana nan a kan talabijin. Da na kashe kawai na fita da ban ga komai ba. Amma ni malamar lissafi ce, kuma tun da aka fara rigimar nan nake son ganin yadda ya tsara abin. Na waiga, babu kowa. Na rubuta LIST, kalmar da ke sa ta baje duk layukan da aka rubuta mata.

Ba su da yawa, kuma a tsare suke tsaf. Ya sa M a matsayin inda Makka take, Z inda Zariya take, K kuma wata 'yar lamba ce da ake ninkawa da ita don mayar da digiri zuwa ma'aunin da na'urar ke ganewa. Ina bi ina jin daɗi, har na iso wani layi a tsakiya:

D=M-Z*K

Na wuce shi, sai na dawo. Abin da Baba yake nufi a fili yake: a ɗebe Zariya daga Makka, abin da ya rage a ninka shi da K. Amma ba haka na'urar za ta karanta ba. Ita tana da tsarin wanda take fara saurara. Ninkawa da rabawa suna gaba da tarawa da ɗebewa, ko da su ne a ƙarshen layi. Za ta fara ninka Z da K, sannan ta ɗebe abin da ta samu daga M. In kana son ta fara da ɗebewar, sai ka killace ta cikin baka biyu. Babu baka ko ɗaya a layin.

Na ce wa kaina ai da kuskure ne da amsar ta fito wata iri, ta nuna yamma ko kudu, kowa ya gane. Sittin da uku kuwa ta yi kama da gaskiya. To amma kuskure ma yakan faɗo kusa da gaskiya, na sha ganin haka a takardun ɗalibaina. Hanya mafi sauƙi ita ce in sa bakan in danna in ga ko lambar za ta canza. Na ɗora yatsa na fara sake rubuta layin, na kai ga M, fankar sama ta yi wani ƙugi ta fara lafawa. Talabijin ya tattare ya zama ɗigon haske ɗaya a tsakiya ya mutu. An ɗauke wuta.

A unguwarmu in aka ɗauke wuta da hantsi ba a sa ranta kafin magariba.

Na koma ɗakina na zazzage jakar makaranta, na ciro ɗan littafin teburan lissafi da muke ba 'yan aji biyar. Lambobin Makka da Zariya na riƙe su, ragowar lissafin kuma na san shi tun daga kwaleji. Na zauna a bakin gado ina yi da biro a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa. Daga waje ina jin ƙarar shebur a kan tsakuwa, da motar yashi tana juye kaya. Amsa ta fito sittin da bakwai da 'yan kai. Na sake bi ta wata hanya, ta sake fitowa haka. Sai na gwada yin sa yadda na'urar za ta yi, ninkawa kafin ɗebewa, duk da wahalar da hakan ya ba ni da tebur. Na samu abin da ke kusa da sittin da uku.

Digiri huɗu ne. A takarda ba su kai faɗin farce ba. A bangon masallaci kuwa za su zauna har bayan ranmu.

Na sami Inna a madafa tana tuƙa tuwon da za a kai wa ma'aikata. Na durƙusa kusa da ita na yi mata bayani a hankali, ba tare da lambobi ba. Ta tsaya da muciya a hannu tana kallona.

“Kina nufin Malam ya yi kuskure?”

“Ba a lissafin ba, Inna. A yadda ya gaya wa na'urar.”

“Sallar mutane za ta ɓaci?”

“Ban sani ba. Wannan sai malamai.”

“To in ba ki sani ba ki kama bakinki.” Ta ci gaba da tuƙi da ƙarfi. “Kin san abin da mutumin nan ya sha a kan maganar nan? Aminci na shekaru ya tsinke tsakaninsa da Alhaji. Yau a gaban jama'a ya fito ya ce ya yi kuskure? Kuma a ce daga bakin wa aka ji? Matar ɗansa, da ko shekara ba ta yi a gidan ba?”

Na ce, “Ko ke za ki gaya masa, Inna?”

“Ni me na sani a ciki da zan gaya masa? Ki jira mijinki ya dawo, su yi ta tsakaninsu.”

“Kafin ya dawo ginin ya kai linta, saman ƙofa.”

Ta juya mini baya tana kwashe tuwo a kwanuka.

Na koma ɗaki na rufe ƙofa. Na yi tunanin yin shiru. Babu wanda ya san na gani sai Inna, ita kuma shirun take so. Na yi tunanin abin da mahaifiyata za ta ce in aka mayar da ni Hanwa da sunan na raina suruki. Na kuma yi tunanin Baba, ranar da wani zai zo da wata na'urar ya auna ya ce bangon ya kauce, alhali ni na sani tun rami yana buɗe. Aka kira azahar ban yanke komai ba. Na yi salla, ina sallamewa na ji takun Baba a zaure. Ya shigo ya canza riga kafin addu'a.

Ban san lokacin da na ɗauki mayafi ba. Na tsinci kaina a bakin ƙofar falo a durƙushe, na yi sallama. Yana tsaye yana ɗaura agogo, farar babbar riga a kafaɗarsa.

“Malama? Lafiya?”

“Lafiya lau, Baba. Tambaya ce da ni, in an ba ni dama.”

Ya dubi agogon. “Ana jirana. Yi maza.”

“Biyu a tara da uku, sau huɗu. Nawa ne, Baba?”

Ya dube ni kamar wadda ta zautu. Ina jin Inna ta fito tsakar gida ta tsaya a bayana. Ya ce, “Ashirin.” Ya ciro 'yar kalkuletarsa daga aljihu, wadda ya yi aiki da ita shekaru, ya danna ya juyo mini da fuskarta. Ashirin ne. Irin waɗannan ƙananan suna bin lamba ne yadda ka danna ta, daga farko zuwa ƙarshe.

Na ce, “Ita kwamfuta sha huɗu za ta ce. Tana fara ninkawa ne kafin ta tara, sai in an sa baka.” Na ƙara da cewa, “Da na je kashewa na ga layin da aka ɗebe Zariya daga Makka. Babu baka a wurin.”

Daga waje wani birkila yana ƙwala wa lebura kira ya ƙaro ruwa.

“Wa ya ce ki buɗe?”

“Babu kowa, Baba. A gafarce ni.”

“Kashewa na ce a yi.”

“Haka ne.”

“Nawa kika samu?”

“Sittin da bakwai da 'yan kai.”

Na miƙa takardar da hannu biyu. Bai karɓa ba. Ya tsaya yana kallon mataccen talabijin, jijiyar gefen kansa tana motsi. Inna ta ce, “Malam, yarinta ce, ka je ana jiranka.” Bai ko waiwaye ta ba. Ya sauke babbar rigar ya ajiye a kan kujera, ya wuce ta gabana ya fita. Na ɗauka shi ke nan, ya tafi wajen addu'a ya bar ni a durƙushe. Sai na ji ƙarar buɗe bonet ɗin tsohuwar motarsa a ƙofar gida.

Ya dawo rungume da batirin motar, baƙin mai ya ɓata masa gaban riga. Talabijin ɗin irin mai cin batir ne, kwamfutar ma maigidana ya haɗa mata wata waya saboda irin wannan rana, rikodar da ake sa kaset ɗin kuma tana da nata batir. Baba ya durƙusa yana murɗa wayoyi da hannunsa. Allon ya kawo haske. Ya zauna, da yatsa ɗaya ya rubuta PRINT 2+3*4, ya danna.

Sha huɗu.

Sannan ya sa kaset ɗin a rikoda ya danna. Wanda bai taɓa jin kukan kaset ɗin kwamfuta ba ba zai gane ba, wata tsuwwa ce mai shiga haƙori, kuma sai ka jira ya ƙare kafin ka san ko ta karɓa. Muna cikin jira aka yi sallama a zaure. Ɗaya daga cikin 'yan kwamiti ne, yana cewa Liman ya iso, an kwaɓa kankare, kada ya sandare. Baba ya ɗaga murya ya ce, “Ina zuwa.” Kukan ya tsaya, allon ya nuna ba ta karɓa ba. Ya mayar da kaset baya, ya rage ƙarar rikodar kaɗan, ya sake. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa a kan maɓallan. Ni ina bakin ƙofa, ina addu'ar abu biyu da ba sa haɗuwa: Allah Ya sa ni ce na yi kuskure, Allah kuma Ya sa ba ni ba ce.

A karo na biyu ta karɓa. Ya nemo layin ya tsura masa ido.

“Ina za a sa?”

Wannan ne karo na farko da ya nemi in nuna masa wani abu. Na ce, “Ɗaya kafin M, ɗaya bayan Z.”

Ya rubuta D=(M-Z)*K, ya ce mata RUN. Ta ɗan yi jim kamar yadda ta saba, sannan lambar ta fito. Sittin da bakwai da ɗigo uku.

Inna ta ce, “Innalillahi,” a hankali. Baba ya cire tabarau ya goge fuskarsa da tafin hannu.

“A aji nawa kike koyar da wannan?”

Na so in yi ƙarya. Na ce, “Aji ɗaya, Baba.”

Ya gyaɗa kai. Ya tashi ya ɗauki kamfas da ma'auni da guduma, ya fita da rigar nan mai baƙin mai, babbar rigar tana nan a kan kujera.

Na bi bayansa har zaure na tsaya a bayan ƙyaure, inda nake hango filin ta tsaga. Mutane sun cika, Liman yana tsaye a bakin rami, leburori sun jeru da kwanonin kankare a ka suna jiran a shafa fatiha. Baba ya ratsa su ya ɗaga hannu ya ce a sauke. Ban ji farkon maganarsa ba, amma na ga yadda kawuna suka juya. Sai muryar Alhaji ta tashi, har ƙarshen layi ana jin ta.

“Ran nan inji ya ce sittin da uku, yau inji ya ce sittin da bakwai! Gobe kuma me zai ce? Mu rushe mu sake?”

Baba ya ce, “Inji bai canza magana ba. Ni na tambaye shi ba daidai ba.”

“Wa ya gano?”

Baba ya ce, “An gano. Na duba da kaina, haka ne.”

Hayaniya ta kaure. Wasu na cewa a zuba kawai, wasu na cewa a koma sahun da, na kan titi, a huta. Liman ya bari suka yi ta yi, sannan ya ɗaga carbinsa aka yi shiru. Ya ce wanda yake nesa da Ka'aba fuskantar sashinta ake nema gare shi, kaucewa kaɗan irin wannan ba ta ɓata salla, da an riga an gina da ba zai ce a taɓa ba. Amma tun da rami ne kawai, kuma an sani, babu dalilin a ɗora gini a kan abin da aka san akwai wanda ya fi shi daidai. Alhaji ya ce ya yarda da maganar Liman, da sharaɗi ɗaya: daga yau Baba ya cire hannunsa daga aikin. Baba ya ce, “Na cire. A bar ni in ja zaren kawai.”

Kankaren da aka kwaɓa aka juye shi a gefe, inda daga baya ya zama daɓen wurin alwala. Baba ya tuge turakunsa ya sake kafawa, yana duƙawa yana miƙewa cikin rana, mutane suna watsewa ɗaya bayan ɗaya. Bai shigo gida ba sai bayan la'asar. Ya wuce ni a tsakar gida na gaishe shi, ya amsa kamar kullum, ya shige.

Sabon ramin aka zuba wa kankare a makon da ya biyo. Baba bai sake zama a taron kwamiti ba, kuma shi da Alhaji sun daɗe gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu daga nesa. A cikin gida bai taɓa tayar da maganar ba, bai yaba mini ba, bai kuma zarge ni ba. Ni ce na gaya wa maigidana da ya dawo. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya bari.

Inna ce ta riƙe abin. Ta daina kirana madafa, in na gaishe ta ta amsa a gajarce, in na ɗauki tsintsiya ta ce a bar shi. Haka muka zauna har damina ta yi nisa. Sai laulayin cikina na fari ya kwantar da ni, ko ruwa na sha sai ya dawo. Wata safiya ina kwance na ji an ɗaga labule. Ita ce, da kwanon kunun tsamiya mai zafi. Ta zauna a bakin gadon, ta tallafo kaina ta ce in daure in sha ko kaɗan ne, ta zauna nan har na shanye.